Malamar da Ke Sanin Wanda Bai Dawo Ba

A ƙasar Kebbe, kafin mara lafiya ya warke yakan ratsa hannaye da yawa. Zazzaɓi ya kama yaro a Ungushi ko Girkau, da farko kakarsa za ta jiƙa masa saiwa. Idan abin ya ƙi, uban ya leƙa wurin mai kemis ya sayo ƙwaya a ƙulle cikin takarda. Daga nan sai asibitin mazaɓa, sai babban asibiti a Kebbe ko Tambuwal. In ta yi tsanani a nufi Sakkwato, ko a tsallaka zuwa Jega ko Gummi, tunda ƙaramar hukumar tana iyaka da jihar Kebbi da ta Zamfara. Kowane ɗaya cikin waɗannan hannaye ya ga wani yanki na ciwon. Mai kemis ya san abin da ya sayar, likitan Sakkwato ya san abin da hoton ƙirji ya nuna, kaka ta san daren da yaron bai runtsa ba. Wanda ya san labarin duka ne babu, sai in an yi dace da irin ma'aikaciyar da nake son in yi magana a kanta.

Mutanen gari "likita" suke ce mata, ko "malama", ko da yake takardarta ta ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce. Ta yi shekara 3 a kwalejin koyon aikin lafiya, irin ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, in kuma ƙaramar takarda ta ɗauka shekara 2. Maza suna wannan aiki, kuma a cikinsu akwai gwanaye. Na ɗauki mace ne saboda ita ce ke iya wuce zauren da aka rubuta "ba shiga" ta zauna kan tabarmar mai jego. A makaranta an koya mata auna jini, yin allura, karɓar haihuwa, da aiki da littafin ƙa'idoji wanda ke ce mata in ta ga alama kaza ta ba da kaza, in ta ga kaza ta tura gaba. Wannan duk wanda ya ci jarrabawa ya iya shi. Gwanintar da nake yabo tana gaba da nan: a riƙe labarin mutum ɗaya tun ranar da ya fara zuwa, a bi shi duk inda aka tura shi, a tabbata ya dawo, a kuma san abin da aka yi masa a can.

Daga tambaya ake fara gane ta. Tsohuwa ta shigo da jikanta a goye, malama ta gyara mata benci.

"Inna, sannu da hanya. Kwana nawa jikin nashi da zahi?"

"Yau kwana ukku, Malama."

"Mi anka ba shi gida?"

Ku lura da yadda ta jefa tambayar. Da ta ce "kun ba shi wani abu?", amsar a'a ce, domin kowa ya san ma'aikatan asibiti suna faɗa a kan jiƙo da maganin kemis. Ita kuwa ta riga ta ɗauka an ba shi, kuma muryarta ta nuna ba laifi take nema ba. Sai tsohuwa ta kwance bakin zane ta fito da ragowar ƙwayoyin, ta kuma faɗi saiwar da aka dafa. Yanzu malama ta san ko yaron ya riga ya sha rabin maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda zai iya ɓoye ciwon ba tare da ya kashe shi ba. Ta san ko an haɗa masa magunguna biyu masu aiki iri ɗaya. Minti biyu na ladabi sun ba ta abin da gwajin jini ba zai faɗa mata ba. Ma'aikaciyar da ke kunyata mutane takan rasa wannan bayani har abada, domin ranar da ta daka wa uwa ɗaya tsawa, matan unguwa duka sun ji kafin la'asar.

Sannan ta buɗe ƙirjin yaron ta sa ido a agogo. Minti ɗaya cur take ƙirga numfashi, kuma sai yaro ya natsu, don kuka yana ɓata lissafi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya ja numfashi 60 ko fiye, akwai matsala. Daga wata 2 zuwa 11 iyakar 50 ce, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Tana duba ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya shaƙi iska. Ta ɗauko ɗan tef mai launi uku ta zagaya tsakiyar damtsensa: in ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. In rawaya ne, tana bakin ƙofa. Ta soki yatsa ta ɗiga jini a ɗan faifan gwaji ta jira minti 15 zuwa 20. Gwanar ba ta tsayawa nan. Takan ɗaga leɓen yaron ta leƙa dasashi, domin cutar noma, wadda ke cin baki da fuskar yara masu tamowa, da ɗan gyambo a dasashi take farawa. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da tsabtar baki suna tsayar da ita. In an bari, mafi yawan yaran ba sa rayuwa, waɗanda suka tsira kuma sai aikin gyaran fuska a asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ɗaga leɓe ba ya cin daƙiƙa biyar, amma sai wanda ya saba duba yaro gaba ɗayansa yake tunawa da shi.

Bayan awo sai hukunci: a riƙe ko a tura. Nan ne ake bambanta gwana da mai tsoro, da kuma mai girman kai. Mai tsoro tana tura kowa, har iyalai su gaji da kuɗin mota su daina zuwa. Mai girman kai tana riƙe wanda ya fi ƙarfinta har dare ya yi. Gwana ta san alamun da ba a ciniki da su: yaro ya kasa shan mama, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ko ya yi lakwas ba ya farkawa. Ga mai ciki kuma, jini ya hau 160 bisa 110, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, ko zubar jini. Ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta ƙare.

Sai dai turawa ita kanta sana'a ce, kuma a ganina ita ce mafi wuyar sashen aikin. Cewa "ku tafi Tambuwal" ba turawa ba ce. Matar da ke kwance ba ita ke yanke shawarar tafiya ba, don haka malama takan aika a kira mijin, wani lokaci har da mahaifinsa ko uwar miji. Ba ta tsorata shi da sunayen cututtuka. Takan ce, "Malam, zo ka gani da idonka," ta nuna masa inda ma'auni ya tsaya da inda ya kamata ya tsaya. Ta faɗa masa gaskiyar abin da zai tarar: za a iya neman jini, saboda haka ya tafi da 'yan'uwa biyu masu ƙarfi da za su iya bayarwa, kada ya isa can da dare ya fara neman wanda zai taimaka. Ta kira direban da ta sani. A jihohin arewa da dama an yi shiri da direbobin ƙungiyar NURTW, aka horar da wasu su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, ladansu a tasha shi ne a ba su lodi ba tare da bin layi ba. Inda babu wannan, kwamitin raya mazaɓa ko mai gari ya san mai motar da ba ya ƙin tashi da dare.

Kafin mota ta iso ta ba da maganin riƙon hanya. Mai cikin da jijjiga ke barazana gare ta ana yi mata allurar farko ta magnesium sulphate. Yaro ƙarami mai zazzaɓi mai tsanani da ba ya iya haɗiya ana saka masa artesunate ta dubura. Tun 2014 Najeriya ta amince da manufar da ta ba ma'aikatan lafiyar al'umma da aka horar damar yin wasu ayyukan ceton rai da a da sai ungozomar asibiti ko likita, kuma a wuri irin Kebbe wannan dama tana da nauyi, tunda daga Tambuwal kawai zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, balle ga wanda ya taso daga Sangi ko Fakku, ga kuma damina in Gulbin Zamfara ya cika.

Sannan ta rubuta takarda. Takardar turawa ta gwamnati gida biyu ce: sama na mai turawa, ƙasa na wanda ya karɓa, ya cike ya yage ya mayar. A sama gwana tana rubuta abin da ta gani, awon da ta yi, maganin da ta bayar, nawa, da ƙarfe nawa. Ƙarfe nawa ɗin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin in likitan can bai san an riga an yi allurar farko ba, zai iya maimaita ta, kuma magani mai ceton rai in ya yi yawa guba ne. In akwai sabis ta buga waya ta ce ga mara lafiya nan tafe. Washegari kuma ta sake bugawa, wannan karon ga mijin: kun isa? An karɓe ku? Me aka ce?

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. A kan teburinta, ko cikin kabad, akwai ɗan akwati mai ɗakuna 12, kowane wata da ɗakinsa. Duk jaririn da aka yi wa rigakafi yana da kati biyu, ɗaya a hannun uwa, ɗaya a akwatin, kuma ana jefa shi ne a ɗakin watan da ya kamata ya dawo. Jadawalin sananne ne: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 don ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai wata 15 don ƙyanda karo na biyu. Duk wanda ya zo, a ɗaga katinsa zuwa gaba. Idan wata ya ƙare, katunan da suka rage a ɗakin su ne yaran da ba su zo ba. Babu kwamfuta, babu lantarki, amma akwatin ya amsa tambayar da manyan asibitoci ba sa yi wa kansu. Babban asibiti yana ƙirga waɗanda suka zo. Malama tana ƙirga waɗanda ba su zo ba, kamar makiyayin da ke tsaye bakin garke da almuru, ya san saniyar da ba ta shigo ba tun kafin ya gama duba sauran.

Daga nan sai ƙafa. Ta ba 'yar sa-kai ta unguwar sunayen, ko ta ba mai unguwa, ko ta hau mashin da kanta. Kuma ba ta zuwa da fushi, domin ta san dalilan da suka fi yawa. Allurar mako 6 ta sa jariri zazzaɓi ya kwana kuka, maigida ya ce ba a sake kai shi. Uwa ta tafi wankan jego gidan iyayenta a wani gari. Iyali sun tashi da dabbobi. Ko kuwa 'yan bindiga sun tayar da ƙauyen gaba ɗaya, abin da yankin nan ya sha gani a 'yan shekarun nan. Kowane dalili da maganinsa. Na farko ma tun ranar allura gwana take tare shi, ta ce wa uwa, "Jikinshi na iya yin zahi yau da gobe, kada ki damu, aikin allurar ne, ga abin da za ki ba shi." Uwar da aka faɗa wa tun farko ba ta ɗaukar zazzaɓin a matsayin cin amana.

Me ya sa na daɗe a kan akwatin kati? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato yara 5 kacal cikin 100 masu wata 12 zuwa 23 suka sami dukan rigakafin farko, mafi ƙanƙanta a Najeriya, alhali a Anambra 76 ne. Wasu yaran ba su taɓa farawa ba, wasu kuma sun fara suka ɓace a hanya. Na biyun aikin akwati ne. Na farkon kuwa sai da taimakon mutanen da ba su taɓa shiga kwalejin lafiya ba. Wanzami ya san kowace haihuwa, tunda shi ke askin suna a kwana na bakwai. Liman ya sani, shi ke raɗa sunan. Ungozomar gargajiya ta riga kowa sani, domin mafi yawan matan jihar a gida suke haihuwa. Tun da aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan lafiya a matakin farko a 2009, da jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka ƙara shigar da hakimai da masu unguwanni cikin wannan aiki, har ya kai ga rubuta sunayen jarirai a wurin mai unguwa don a gwada da rajistar asibiti. Malamar da ta iya zama da mutane ba ta ɗauki ungozoma kishiya ba. Takan gaishe ta "Gwaggo", ta tambaye ta su wa ke da tsohon ciki a unguwa. Sakkwato ta taɓa gwada ƙarfin wannan zumunci a 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, lokacin da ta fara raba man chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri da ƙwayar misoprostol mai hana zubar jini bayan haihuwa, ta hannun 'yan sa-kai 2,440, goma a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 244 na jihar.

Abin da malamar nan ke yi da biro da ƙafa, Amurka ta kashe maƙudan kuɗi tana neman hanyar da za ta sa likitocinta su yi shi. Tun 1967 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta kawo shawarar kowane yaro, musamman mai doguwar jinya, ya kasance da wuri ɗaya da ke riƙe dukan bayanansa. A 2007 manyan ƙungiyoyin likitoci huɗu suka amince da ƙa'idoji: kowane mutum ya sami likitansa da ya san shi, tare da ayarin ma'aikata da ke kula da shi gaba ɗaya, su kuma haɗa masa kan duk abin da ƙwararru da asibitoci ke yi masa. Gwamnatocin jihohi da kamfanonin inshora suka rungumi abin, domin su ke biyan kuɗin gwajin da aka maimaita da kwanciyar da za a iya kauce wa. Jihar North Carolina ta riƙa biyan ɗan kuɗi kan kowane mutum a kowane wata don aikin bibiya cikin shirinta na marasa ƙarfi. Kamfanin Blue Cross Blue Shield na jihar Michigan ya fara tantance asibitocin unguwa a 2009 yana ƙara wa waɗanda suka cika sharuɗɗa kuɗi. Sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2014 kan gwajin kudu maso gabashin jihar Pennsylvania ya sami ci gaba a ma'auni ɗaya kawai cikin 11 bayan shekara 3, kuma kuɗin jinya bai ragu ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne ana iya cika kowane sharaɗi na takarda, a sayi kwamfuta, a sami shaida a rataya a bango, alhali babu mutumin da ya ɗauki wanda bai dawo ba a matsayin damuwarsa.

Mu ma muna da namu dokokin, kuma a rubuce ba su da laifi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa tunanin taron Alma-Ata na 1978 kan lafiya a matakin farko a ƙananan hukumomi. A 2011 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a tara dukan harkar lafiya ta matakin farko ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha, don a daina rabon da ke sa albashi na wajen wani, magani na wajen wani, gini na wajen wani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki, wato 10 a ƙaramar hukumar Kebbe. Dokar ta raba kuɗin: rabi ta hanyar inshora don biya wa mutane jinya, kashi 45 don magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 don gaggawa. A jihar Sakkwato hukumar SOCHEMA, wadda aka kafa zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan yanki da ya wakilci Kebbe da Tambuwal a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, ita ke yi wa mutane rajista cikin shirin taimakekeniyar lafiya. A 2022 kuma sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta wajabta shiga inshora ga kowa, ta tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi.

Akwai hikima a yadda inshorar ke biyan asibitin mazaɓa, kuma ya kamata mutane su san ta. Wanda aka yi wa rajista ana ɗaure sunansa ga asibiti ɗaya, sannan a riƙa biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi kan kowane kai a kowane wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Ke nan asibitin ba ya cin riba daga ciwonka. In ka zauna lafiya kuɗin ya rage masa, in ka bari ciwo ya yi nisa shi ke asara. A karon farko lissafin kuɗi ya zo daidai da halin malamar kirki. Amma tsarin yana da baraka biyu. Wanda ba ya tsoron Allah zai iya karɓar kuɗin ya riƙa kore mutane da "babu magani", ko ya tura kowa gaba don ya huta. In kuma kuɗin ya makara, malamar kirki ce ke shan kunya, domin ita ta bi gida gida ta ce ku yi rajista za a duba ku kyauta.

Wurin da za a fi jin amfanin wannan gwaninta nan gaba shi ne ciwon da ba ya warkewa. Hawan jini da ciwon suga sun shigo ƙauye, kuma al'adar jinyarmu ta zazzaɓi ce: ka sha magani kwana uku, ka ji sauƙi, ka daina. A ce dattijo ya je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo da magani kala uku. Bayan wata guda ya ji garau, ya ajiye biyu. Ƙafa ta yi ciwo, ya sayo maganin ciwon gaɓoɓi a kasuwa, irin wanda ke tayar da jini yana wahalar da ƙoda. Likitan Sakkwato ba zai san wannan ba sai ranar da aka kawo shi ɓarin jiki ya shanye. Malama kuwa takan ce, "Baba, in za ka taho ka kawo mani duk maganin da kaka sha, har wanda ba mu munka ba ka ba." Ya zazzage ledar a kan tebur. Ta ware, ta haɗa waɗanda suke abu ɗaya da suna biyu, ta cire wanda bai dace ba, ta yi wa kowane kwali alama da zanen rana ko wata don wanda ba ya karatun boko. In azumi ya gabato ta yi masa maganar yadda za a tsara sha tsakanin buɗa-baki da sahur tun kafin ya yanke wa kansa hukunci, mai ciwon suga kuma ta tura shi ga likita ya duba ko azumin zai yiwu. Mai tarin fuka da zai sha magani wata 6, ta nemo masa mutum ɗaya a gidansu da zai riƙa ganin ya haɗiye.

Ko kamfen na shekara-shekara gwana ba ta barinsa ya wuce haka nan. Tun 2015 ake bin gidaje a jihar Sakkwato da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata bayan wata. Masu rabon suna shiga gidajen da ita ba ta kai ba, sai ta roƙe su su dawo mata da labarin duk yaron da suka ga ya rame, da duk mai cikin da ba ta fara awo ba.

Ba na son in nuna kamar ana samun irin wannan malama a kowane asibiti. Ba a samu. Inda aka same ta ma, sau da yawa ita kaɗai ce ga awo, ga rigakafi, ga haihuwa, ga tarin rajistoci da kowane shiri ya kawo nasa. Ƙa'idar aikinta ta ce ta raba lokacinta tsakanin asibiti da gidajen mutane, amma in ta fita wa zai buɗe ƙofa? Kuma duk abin da ta tara na sanin mutane, canjin wurin aiki ɗaya yana share shi. A tura ta wata mazaɓa bayan shekara biyu, sabuwa ta zo ta fara tambayar sunan mai gari. Masu raba wuraren aiki ya kamata su san cewa shekarun da ma'aikaciya ta yi a gari ɗaya dukiya ce ta gwamnati, kada a watsar da ita saboda alfarma ko fushin wani babba.

Ga hukumar inshora da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha ina da ƙananan roƙe-roƙe, waɗanda ba sa buƙatar sabon gini. A ware kuɗin man mashin da katin waya da sunan bibiya, a rubuce, don kada su riƙa fita daga albashin malama. A riƙa tambayar asibiti yara nawa suka ɓace tsakanin mako 6 da wata 9 kuma nawa aka nemo, kamar yadda ake tambayar nawa suka zo. Sannan ƙasan takardar turawa, wanda kowa a wannan aiki ya san da wuya yake dawowa: tunda hukumar inshora ce ke biyan babban asibiti kuɗin wanda aka tura masa, ta sa cike wannan gefe ya zama sharaɗin biya. Likita ya rubuta layi huɗu, abin da ya samu, abin da ya yi, maganin da ya bayar, da ranar dawowa, a ɗauki hotonsa a aika ta WhatsApp zuwa wayar asibitin Kuchi ko Margai. Ga waɗanda suka tsallaka Jega ko Gummi, inda rajistar wata jiha ce, sai jami'an lafiya na ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka su yi musayar lambobin waya su amince za su riƙa ɗauka.